Minti Goman Manaja

Azumin bana a gajiye ya same ni. Ba yunwa ba ce, mun saba da ita. Zafi ne da shekaru. Tun hantsi kwanon rufin ofis yake fara ƙas-ƙas, fanka tana kwaso iska mai zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan, ta dawo da ita. Kafin azahar leɓɓana sun bushe, kafin la'asar ba na son jin muryar kowa, ni da abincina ke nan sauraron muryoyin mutane. Shekara bakwai ke nan ina riƙe da ɗan gidan rediyonmu na nan Gaya, kuma har makon jiya ina ɗaukar kaina shugaba mai sauƙin kai.

Ranar Litinin na yi wa Malama Rukayya tsawa. Ita ce ke zama kan na'ura da yamma, mace mai 'ya'ya huɗu da ba ta taɓa makara ba. Ta manta makirfo a buɗe, tarin mai karanta labarai ya fita duniya ta ji. Abin bai kai ya kawo ba, amma na tsaya a tsakar gida a gaban kowa na ɗaga murya har maigadi ya leƙo. Cewa kawai ta yi, "Allah ya ba ka haƙuri, Yallaɓai." Tun daga ranar, duk ɗakin da na shiga sai hira ta mutu, kowa ya sunkuyar da kai kan takarda. Na san wannan shirun farin sani, don na taɓa zama a cikinsa shekara da shekaru. Shi ne ya komar da ni wani azumi da ba na son tunawa.

Shekarar nan azumi a tsakiyar marka ya faɗo. Ruwa ya yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba, idan ya tsagaita da safe sai ya dawo da yayyafi kafin azahar. A lokacin ina zaune a gidanmu na Toranke, ina noma kamar kowa, ina kuma gabatar da shirin yamma a rediyo. Rumbunmu ya kai ƙasa tun kafin a ga wata. Gero yana gona ya fara fitar da kai, kore shar, ka tsaya kana kallonsa cikinka na kuka, ba damar taɓawa. Abin da ya riƙe mu tafasa ce da rama. Hadiza, maiɗakina, takan dafa su ta marmasa ƙuli ɗaya a kai, ta raba mana a kwano uku. Kunun shan ruwa kuwa tsararo ne, kana iya ganin gindin ludayi ta cikinsa. Itace duk ya jiƙe, idan ta hura wuta hayaƙi ya cika gidan, ta fito idanunta jajur tana tari. Katangar bayan gidanmu ta zube a azumi na shida, muka kafa zana a wurin. Sauro ya yi mana yawa, yarana biyu suna kwance da zazzaɓi, wannan ya tashi wancan ya kwanta.

Duk da haka gona ba ta san ana azumi ba. Ciyawa tana tsiro kamar ana jan ta da hannu. Da an idar da sallar asuba muke fita, laka tana kama garma, kowane sara sai ka girgije. Mukan yi gayya tsakaninmu, yau gonar wane gobe gonar wane, amma gayya ce ba fura ba kiɗa, sai nishi da ƙarar ƙarfe. In rana ta ɗaga kowa ya ja ƙafa ya nufi gida ya kwanta. Ni kuwa a lokacin nawa aikin yake farawa. In watsa ruwa, in ɗaure takarduna a leda, in hau tsohon babur ɗina in kama hanyar Gaya. Rabin tafiyar tura shi nake yi. Nakan isa tashar rediyon wandona ya yi kaca-kaca har gwiwa.

Tashar ɗaki uku ce da rumfar janareta. Rufin situdiyo yana yoyo, mun ajiye roba a ƙasa muka shimfiɗa tsumma a ciki don kada ɗigar ruwa ta shiga makirfo. Shugabanmu ba ma kiran sunansa, Manaja kawai muke cewa. Zan faɗi gaskiyarsa: ya fi kowa sammako, ya fi kowa daɗewa, bai taɓa ɗaukar ko allurar tasha ya kai gida ba. Amma ya yi imani cewa ɗan Adam ba ya aiki sai da tsoro. Kowace Litinin yakan tara mu a ofishinsa ya kunna kaset ɗin kurakuranmu na mako, ya maimaita wurin da mutum ya yi tuntuɓen harshe sau uku, sau huɗu, yana kallonsa. Akwai allo a bakin ƙofa da yake rubuta sunan wanda ya fi kowa shirme a makon. Wayoyinmu a kwando muke barin su wurin maigadi. Ban taɓa jin ya ce wa wani "ka kyauta" ba, ko da wasa.

Sai kuma agogo. Babban agogon bango ne a situdiyo, Manaja da hannunsa ya tura shi gaba da minti goma, wai don mu riƙa shiri da wuri, kuma mai makara ya rasa bakin magana. Kowa a tashar ya sani. Duk wanda ya kalli agogon sai ya cire goma a ransa kafin ya faɗi lokaci. Mu kanmu mun san ganganci ne a ajiye agogon ƙarya a ɗakin da ake gaya wa jama'a lokaci, mun sha faɗa a rumfar janareta. Amma a ofishin Manaja babu wanda ya taɓa buɗe baki.

Abin da tsoron nan ya yi mana, ban gane shi ba sai daga baya. Mun daina ƙoƙari. Wanda yake da sabon tunani ya haɗiye abinsa, don sabon abu shi ke jawo kuskure. Muka koma karanta takarda a daddafe, ba armashi. In na'ura ta fara ciwo ba a faɗa, sai a lallaɓa ta har ta mutu a hannun wani.

Wanda yake lallaɓa ta ɗin shi ne Yaya Sabo, mutumin Gafasa. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Shi ke zama bayan gilashi kan na'ura in ina gabatarwa, shi ke hawa eriya in iska ta karkatar da ita, shi ke kwance janareta ya mayar. Ba shi da yawan magana, amma in na yi shiri mai kyau yakan ɗaga mini babban yatsa ta gilashi, kuma shi ke nan yabon da nake samu a gidan. Mako guda kafin abin da zan faɗa, ya jinkirta sakin wata sanarwa don ya ga kamar akwai kuskure a sunan gari. Gaskiyarsa ce ma. Amma ranar Litinin Manaja ya tsayar da shi a gabanmu, mutum da furfura, ya ce, "Sabo, wa ya ɗauke ka aikin tunani? Aikinka danna maɓalli. In mai gabatarwa ya ɗaga hannu, ka danna. Ka ƙara yi mini dabara ka gani." Aka rubuta sunansa a allo.

A irin wannan damina, babu aikin da ya kai sanar da shan ruwa nauyi a tasharmu. Gari a lumshe yake wuni guda, ba mai ganin rana balle faɗuwarta. Ƙauyukan Gaya da Ajingi mu suke jira. A Toranke rediyo ɗaya ake ajiyewa a rumfar ƙofar masallaci, mutane su zagaye ta da kofunansu, ladan yana tsaye. Da na ce "Jama'a, a sha ruwa lafiya," Yaya Sabo ya saki kiran salla, sai ladan ya ɗauka, mata a cikin gida su ji su miƙa wa yara kunu. Jadawalin lokutan kuwa Malam Zubairu ne ya rubuta mana da hannunsa muka manna a bango. Shi ne malamin da ke zuwa kullum da hantsi a ɗauki tafsirinsa, ya zauna har ya ja mu sallar la'asar a harabar tasha.

Ranar azumi na goma sha takwas gayyar gonata aka yi, don haka ban iya zamewa da wuri ba. Ruwa ya kama ni a hanya ya yi mini dukan tsiya, babur ya mutu sau biyu. Agogon hannuna ya sha ruwa ya tsaya. Na shiga situdiyo jikina yana karkarwa, kaina yana sarawa, tufafina suna ɗiga. Na yi shirin a daddafe, ban san ma abin da na faɗa ba. Idona yana kan jadawalin Malam, yana kan agogon bango. Dogon hannun ya hau daidai inda aka rubuta. Wallahi har yau ban san inda minti goman nan suka tafi a kaina ba. Shekara uku ina cire su kullum, ranar nan kawai na ga lokaci ya yi, maƙogwarona ya yarda.

Na ce, "Jama'a, a sha ruwa lafiya." Na ɗaga hannu.

Yaya Sabo ya kalli agogo. Ya kalle ni. Na ga yatsansa ya tsaya a saman maɓalli, bakinsa ya ɗan motsa. Na ƙara ɗaga hannu da ƙarfi, har da harara, don shiru a rediyo laifi ne babba a wurin Manaja. Sai ya danna.

Na kwankwaɗi ruwa kofi guda, na fito tsakar gida in yi alwala. A nan na tarar da maigadi tsaye da butarsa yana kallon yamma, baki buɗe. Hadarin da ya rufe gari kwana huɗu ya tsage ta ƙasa, ga rana nan jajur, ɗungurungum, zaune a kan bishiyoyin bayan gari. Ko taɓa ƙasa ba ta yi ba, ga shi na riga na sha ruwa.

Duk wanda ya bi mu ranar nan sai ya rama azumi. Ka tuna su wane ne: mutanen da suka wuni a laka da garma, cikinsu ba komai sai tafasar sahur, tsofaffi, mata masu goyo da suka daure. Saura minti goma su cika, muka zubar musu. Washegari tun da safe mutane suka cika ƙofar tasha. Wani ladan daga Balan, dattijo, ya zo da ƙafa cikin taɓo, bai yi zagi ba, cewa kawai ya yi, "Shekara talatin ina kiran salla ban taɓa shayar da mutane ruwa da rana ba sai da na yarda da ku." Wannan maganar ta fi mini zagi ciwo.

Manaja ya tara mu. Bai tambayi yadda aka yi ba, bai kalli agogo ba. Mai laifi kawai yake nema.

"Wa ya saki kiran salla?"

Yaya Sabo ya ce, "Ni ne, Yallaɓai."

"Ka ga lokaci ko ba ka gani ba?"

Yaya Sabo ya sunkuyar da kai.

"Ajiye makullan na'ura. Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Ina tsaye a gefensa, kafaɗata tana taɓa tasa. Kowa ya ji muryata a rediyo, kowa ya san ni na fara magana, amma ba wanda ya faɗa, ni ma ba a tambaye ni ba. Na tuna yara biyu a kwance, na tuna rumbu, na kalli ƙasa. Yaya Sabo ya ciro makullan daga aljihu ya ajiye a tebur a hankali, ya fita ya ɗauki kekensa. Kafin Juma'a labari ya zaga kasuwanni cewa Sabo na Gafasa ne ya karya wa mutane azumi. Har yara aka ce suna bin 'ya'yansa da tsokana.

Kwana uku na yi ina cewa "a sha ruwa lafiya" da bakin da ba ya jin ɗanɗanon komai. A gida Hadiza ta lura kununa yana kwana. Da na gaya mata, ta daɗe tana juya itace a murhu, sannan ta ce, "Malam, tafasar nan da kake gani, ina iya ci har kaka. Amma ban san yadda zan ci tuwon da aka sayo da sunan bawan Allahn nan ba." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Rana ta huɗu na bar gona na zo tasha da hantsi. Na jira Malam Zubairu ya gama tafsiri, na same shi a rumfa yana gyara rawani. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne." Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na saba ji in na yi laifi.

Ya ce, "Tashi ka zauna a benci, Habu. Faɗa mini tun daga safiyar ranar."

Na faɗa masa gayya, da ruwa, da agogon hannu, da agogon bango. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Kwana goma sha bakwai kana shayar da mu ruwa a kan lokaci, alhali agogon ba daidai yake ba. Ka san wannan ƙoƙari ne?" Ban taɓa jin an fara yi wa mai laifi magana ta nan ba. Ya ci gaba, "Kuskuren ranar, na gajiya ne, kowa yana yi. Azumi za a rama, ni zan yi wa mutane bayani. Daga yau kuma kada ka ƙara faɗin lokacin ibada da ido ɗaya, ku zama ku biyu kun yarda. Amma shirun da ka yi a ofis ba gajiya ba ce. Wannan kai kaɗai za ka gyara shi, kuma na ga za ka iya, tunda ga ka nan. Tashi mu je."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin ƙarfin yin abu irin na ranar ba. Abin ya ba ni mamaki, don a zatona kunya da ƙarfi ba sa zama wuri ɗaya.

A ofis na faɗi komai ina tsaye. Na faɗi har maganar agogo. Manaja ya miƙe, fuskarsa ta haɗe, ya nuna ni da yatsa. Kafin ya yi magana Malam ya ɗaga hannu.

"Alhaji, ɗan dakata. Shekaranjiya a sallar la'asar, da na miƙe ban yi zaman tahiya ba, wa ya ce subhanallahi a bayana?"

Manaja ya ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Na kore ka daga sahu?"

"A'a."

"Da kuna tsorona har kun kasa tuna mini, ranar da na yi babban kuskure sallar kowa za ta tafi tare da tawa. To ni tambayata ɗaya ce. A gidan nan, wa yake ce maka subhanallahi?"

Manaja ya sauke yatsansa. Ya daɗe a tsaye yana kallon tebur, ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Can sai ya ɗauki kujerarsa ya fita da ita, muka bi shi. Ya shiga situdiyo ya taka kujerar, da babbar rigarsa da komai, ya sauko da agogon, ya tambayi Malam ƙarfe nawa, ya mayar da shi daidai. Bai ba kowa haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba, "Yau da yamma ka faɗa wa jama'a da bakinka. Gobe ka je ka kira Sabo." Na faɗa kuwa, kai tsaye, da sunana da sunan mahaifina, na ce Sabo na Gafasa ba shi da laifi.

Washegari na tura babur har Gafasa. Na same shi a gonarsa cikin gero, yana cire ciyawa da hannu a gindin wake. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi masu jiki. Na ce, "Yaya Sabo, ka yafe mini. Manaja ya ce ka dawo."

Ya ce, "Na ji ka jiya a rediyo. Ka kyauta. Ni ban riƙe ka ba, Habu, na ga yadda ka shigo ranar, ko tsayuwa ba ka iya yi."

"To ka dawo mana."

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa, ya daɗe yana kallon geron. "Ka san abin da yake hana ni sukuni? Ba korar ba ce. Na ga agogon nan. Na san saura minti goma, wallahi na sani. Bakina ya buɗe zan ce maka dakata, sai na ji muryarsa a kunnena, na danna. Kai mantawa ka yi. Ni ina sane na shayar da Musulmi ruwa da rana, don kada a rubuta sunana a allo." Ya girgiza kai. "Da furfurata. Wurin da ya mayar da ni haka, ba zan koma ba."

Na yi magiya har na gaji. Bai dawo ba. Ya kafa ɗan tebur a kasuwar Ajingi yana gyaran rediyo da tocila har ƙarfinsa ya ƙare. Duk sanda na bi ta wurin yakan ce ya ji shirina, ya gaya mini inda na yi kyau, sannan ya gaya mini inda na yi sauri. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Manaja kuwa ba zan ce ya zama wani mutum daban ba. Ya cire allon bakin ƙofa, ya rage maimaita kaset, amma har ya bar aiki in ya shigo ɗaki hira takan mutu.

Da riƙon gidan ya zo hannuna, abin da na gani a benci wurin Malam Zubairu shi na yi ƙoƙarin kwaikwaya. Na soke taron Litinin. Kowa yakan zo shi kaɗai mu saurari shirinsa tare, in bar shi ya fara faɗin abin da ya ji, yawanci ma kafin in buɗe baki ya riga ni gano kuskuren. In faɗa masa abin da ya yi daidai, ba don in lallashe shi ba, don ya san abin da zai riƙe. Sannan mu ɗauki abu ɗaya da zai gyara kafin mako mai zuwa. Na kuma kafa doka cewa duk wanda ya ga kuskure yana shirin fita, ko daga bakin wa, ya danna abin magana ya ce subhanallahi. Yanzu muna da sola, muna da kwamfuta, kwalta ta kai wurare da yawa, kowa da waya a aljihu. Amma wannan hanya tana cin rai. Tsawa minti ɗaya ce, zama da mutum kuwa sai ka ba shi rabin awa da dukan hankalinka, kuma akwai ranakun da ba ni da ko ɗaya. Ranar Litinin ɗin nan tana cikinsu. Na so in kira Malama Rukayya in ba ta haƙuri, kullum sai in ce gobe.

Jiya mai gabatar da shirin yamma bai zo ba, matarsa ta haihu, sai na shiga da kaina. Na daɗe ban zauna a kujerar nan ba. Zafi ya yi zafi, rigata ta manne a bayana, na kuma bar tabarauna a ofis, ƙyuya ta hana ni komawa. Malama Rukayya tana bayan gilashi, tun da na shigo ba ta haɗa ido da ni ba. Na yi ta jan shirin, harshena kamar tsumma. Na ɗaga kai na kalli agogo, wannan agogon dai na Manaja, har yanzu shi ne a bangon. Na ga kamar dogon hannun ya kai. Na jawo dabino kusa, na matsa ga makirfo, na ɗaga hannu.

Jar fitilar makirfo ta mutu. Malama Rukayya ce ta kashe shi. Sai na ji muryarta a abin kunne, ƙasa-ƙasa.

"Subhanallahi, Yallaɓai. Saura minti huɗu."

Na dube ta. Ta saka karatun Alƙur'ani yana tafiya don kada a ji shiru, hannunta yana kan na'ura. Ta tsaya tana jiran abin da zai fito daga bakina, irin tsayuwar da na sani.

Na danna abin magana. Na ce, "Na gode, Malama. Allah ya yi miki albarka. Abin da na yi miki ranar Litinin ban kyauta ba, ki yafe mini."

Ta gyaɗa kai kawai, ta mayar da idonta kan agogo. Muka zauna ni da ita muna kallonsa, minti huɗu cur. Da lokaci ya yi ita ta ɗaga mini hannu, na ce, "Jama'a, a sha ruwa lafiya," ta saki kiran salla.

Na daɗe da dabinon a hannuna ban kai baki ba. Azumin ranar nan ta marka na rama shi tun a watan Shawwal na shekarar. Na ɗaga kai zan yi bismilla, sai na ga Malama Rukayya ta ajiye kofinta, ta ɗaga mini babban yatsa ta gilashi, daidai inda Yaya Sabo yake zama.